Sikelin Cibarakaten: Shin Kyakkyawar Niyya Ta Wadatar Da Mai Awo?

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, ga tambayar da muke so mu duba a wannan fitowa. Mutum ne mai salla da azumi, bai taɓa ƙudurta cutar kowa a ransa ba, amma sikelin da yake sayen kayan mutane da shi yana rage musu haƙƙinsu kowace rana, shi kuwa bai sani ba. Mene ne matsayinsa? Tsarkin zuciyarsa ya wanke shi ke nan, ko kuwa akwai sauran abin da ya rage a wuyansa? Mun ga ya dace mu ɗauko misali daga Cibarakaten, domin da wuya a sami wani wuri a ƙasar nan inda ɗan ƙanƙanin kuskuren awo yake cin dukiya mai yawa kamar can.

A shekarar 2014 aka ga zinariya a Jado. Bayan 'yan watanni sai labari ya bazu cewa an same ta a Cibarakaten, can cikin hamada, arewa maso gabas da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017, jama'a da yawa suka karkato nan. Zinariyar Jado a kusa da saman ƙasa take, na'ura ke nuno ta. Ta Cibarakaten kuwa a cikin jijiyar dutse take, sai an haƙa rijiya mai zurfi, an fasa dutsen, an jawo shi da igiya, an ɗura a buhu, an niƙa, an wanke. Ruwan sha ma da mota ake kawo shi, da kuɗi ake saya. Matasanmu daga Maradi da Damagaram da Tawa, da baƙi daga Nijeriya da Cadi da Sudan, suna barin iyali wata da watanni suna wannan wahala. To, duk wannan gumi, da bashin da aka ci, da hatsarin ruftawar rami, a ina yake ƙarewa? A kan wani ɗan sikelin lantarki da bai fi tafin hannu ba. Lambar da ya nuna, ita ce za a raba tsakanin mai rami da ma'aikata da mai inji, ita ce kuma za ta isa gida wajen uwa da mata da 'ya'ya.

Masana ilimin fizik, wato ilimin da ke binciken nauyi da motsi da zafi da haske, sukan fara karantar da ɗalibi da babin awo kafin kome. Abin da suke cewa shi ne, awo gwada abu ne da wani abu irinsa wanda jama'a suka yarda da shi. Kakanninmu sun san wannan. Sun auna ƙyalle da kamu, suka auna tabarma da taƙi, suka auna zurfin rijiya da gaba, suka auna hatsi da mudu da tiya. Illar waɗannan ma'aunai a fili take: kamun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, tiyar wannan kasuwa ba ita ce ta waccan ba, kuma kowa ya san yadda ake bubbuga gindin kwano ya shige ciki. Saboda haka masana suka ce kowane awo na gaskiya ƙafa uku gare shi, kamar murhu: akwai adadi, akwai sunan ma'aunin, akwai kuma iyakar kuskuren da zai iya shiga ciki. Wanda ya ce maka "goma" bai faɗa maka kome ba, sai ya ce giram goma. Wanda ya ce giram goma ma bai gama ba, sai ka san ko sikelinsa yana iya bambanta 10.0 da 10.1, ko kuwa har 10.01 yana gani.

Sunan ma'auni kaɗai ya isa a cuci mutum da shi. Farashin zinariya da ake ji a rediyo daga kasuwar Landan, da oza ake faɗinsa. Ozar zinariya giram 31.1 ce, alhali ozar da ake auna sauran kaya da ita giram 28.35 ce. Suna ɗaya, nauyi biyu. Wanda bai san wannan ba, lissafinsa ya karkace tun bai fara ba.

Kada wani ya zaci wannan damuwa ta Turawa ce. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, a shekara ta 77 bayan Hijira, ya buga dinarin Musulunci a kan nauyin misƙali guda, wanda a ma'aunin yau ya kama kimanin giram 4.25. A zamanin Banu Umayya har da gilashi ake yin duwatsun awon kuɗi, a buga musu hatimin hukuma, domin gilashi ba ya tsatsa, kuma in an kankare shi sai an gani. Wannan misƙali ya ratso Sahara tare da fatake. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, wanda ya zauna a Tagidda ta ƙasar Abzin kafin ya isa Kano wajen Sarki Muhammadu Rumfa, daga baya ya je Gawo, inda Askiya Muhammadu ya jera masa tambayoyi. A cikinsu akwai ta masu tauye mudu da ma'auni da masu yin algus a kasuwa, Shehun kuwa ya nuna cewa hana su da daidaita ma'aunai nauyi ne a kan mai mulki. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, da ya shiga Agadas a 1850 ya tarar ana ta ƙiyasta farashi da misƙalin Agadas, a bakin wuri 1,000, ko da yake cinikin zinariyar kanta ya daɗe da gushewa daga garin. Dubi ikon Allah: zinariya ta tafi, ma'auninta ya zauna a bakin mutane, ga shi kuma ta dawo ƙasar ta tarar da jikokinsu suna awo da giram.

Shi giram ɗin daga ina ya fito? Bayan juyin juya halin Faransa, a shekarun 1790, aka so a yi ma'aunin da ba na hannun wani sarki ba ne. Sai aka ɗauki tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba duniya biyu, aka kasa ta kashi miliyan goma, aka kira kashi guda mita. Kilo kuma aka ɗaure shi da nauyin ruwa lita guda. A 1875 ƙasashe 17 suka rattaba hannu a Paris a kan yarjejeniyar mita, a 1889 kuma aka ajiye wani ɗan curin ƙarfe na filatinam da iridiyam a bayan birnin, aka ce shi ne kilon duniya, aka rarraba wa ƙasashe kwafinsa. A 1960 aka tsara ma'aunan duniya na bai ɗaya, waɗanda tushensu a yau guda bakwai ne, daga cikinsu akwai mita ta tsawo, da kilo na nauyi, da sakan na lokaci.

Abin lura a wannan labari shi ne abin da ya biyo baya. Wannan ƙarfe yana rufe a ƙarƙashin murafen gilashi, ba mai taɓa shi da hannu, ba a fito da shi sai bayan shekaru masu yawa. Duk da haka, da aka gwada shi da kwafinsa, sai aka ga sun saɓa da kimanin kashi 50 cikin miliyan na giram guda a tsawon ƙarni. Abu ne da ido ba zai gani ba. Amma masana ba su ce ai ba kome, mu rufa wa juna asiri ba. Sun bayyana, suka shafe shekaru suna neman mafita, har a watan Nuwamba na 2018 aka yanke shawara, daga 20 ga Mayu 2019 aka daina dogara da ƙarfen, aka ɗaure kilo da wani adadi tabbatacce na halitta da ake kira adadin Planck. Dama tun 1967 an ɗaure sakan da kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da ke fita daga ƙwayar zarrar siziyam, tun 1983 kuma mita ita ce tazarar da haske ke ci a cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na sakan. Wato ɗan Adam ya gaji da abin da hannunsa ya ƙera, ya koma ya jingina da tsarin da Mahalicci Ya shimfiɗa, wanda ba ya tsufa. To, idan kilon da aka killace a Paris bai tsira daga canji ba, ina ga sikelin da ke kwana a aljihu, cikin ƙura da zafin Cibarakaten?

A nan ne za mu shiga zuciyar tambayarmu. Masana sun kasa kuskuren awo gida biyu, kuma a ganinmu duk hukuncin yana rataye ne a kan wannan rabo.

Na farko kuskure ne mai yawo. Ka ɗora ƙwayar zinariya sau biyar, ka sami 10.02, sannan 9.99, sannan 10.01, haka dai. Iska ta kaɗa, hannu ya girgiza, tebur ya motsa. Wani lokaci ya faɗa wa mai saye, wani lokaci mai sayarwa. Maganinsa shi ne a maimaita awo, a tara, a raba, a ɗauki tsaka-tsaki. Ba a iya kawar da shi ɗungum, ko a ɗakin binciken da ya fi kowane kayan aiki. Kuma lalle akwai abin mamaki a aya ta 152 ta Suratul An'am, inda umarnin cika mudu da ma'auni bisa adalci ya zo, nan take kuma aka biyo shi da bayanin cewa ba a ɗora wa rai sai abin da yake iyawa. Malaman tafsiri sun bayyana cewa wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, sannan wani abu ya kuɓuce masa, babu laifi a kansa. Wannan rangwame, a fahimtarmu, irin wannan kuskure ya fi dacewa da shi.

Na biyu kuwa kuskure ne mai karkata gefe guda. Sikeli ne da a kullum yake nuna 9.80 a inda gaskiya 10.00 ce. Ka auna sau ɗari, sau ɗari zai ba ka 9.80, har ka yaba masa ka ce ba ya canja magana. Maƙaryacin da ya riƙe ƙaryarsa da kyau ke nan. Maimaitawa ba ta tona shi, sai an kawo shaida daga waje, wato dutsen awo wanda aka tabbatar da nauyinsa. Abubuwan da ke jawo shi suna da yawa: batir ya yi sanyi, yashi ya shiga ƙarƙashin faranti, sikelin ya taɓa faɗuwa, ko an ajiye shi a karkace. Akwai ma wanda mutane da yawa ba su sani ba. Sikelin lantarki ƙarfin jan da ƙasa ke yi wa abu yake ji, wannan ja kuwa ya fi ƙarfi a can arewacin duniya bisa ga nan wajenmu. Sikelin da aka saita a tsakiyar Turai, in aka kawo shi Sahara ba a sake saita shi ba, zai rage kimanin giram biyu da rabi a kowane kilo. Tsohon mizani mai faranti biyu ba shi da wannan matsala, tun da jan ƙasa ɗaya ne a kan farantan biyu, ko da yake shi ma in hannunsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo ya zama azzalumi.

Nauyi ma rabin ciniki ne. Sauran rabin shi ne karat, wato tsarkin zinariyar. Tsantsa ita ce karat 24, mai 18 kuwa kashi uku cikin huɗu ne zinariya, saura azurfa ko jan ƙarfe. Masu saye da yawa da ruwa suke gane wannan, kuma hanya ce mai asali. Ana jingina ta ga Arkimidis na ƙasar Girka, sannan Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya ƙera kwalba ta musamman yana auna ruwan da kowane ƙarfe ke turewa, yana maimaitawa, har lissafinsa na zinariya ya zo dab da na yau. Bayansa al-Khazini ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marwa wajen 1121. Asirin shi ne, ruwa mililita guda giram guda ne, zinariya mililita guda giram 19.3 ce, azurfa 10.5, jan ƙarfe kusan 9. Sai a ɗora kofin ruwa a sikeli, a mayar da shi sifiri, a rataya zinariyar da zare a cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindi ba. Lambar da ta fito ita ce girmanta. A raba nauyinta da wannan lamba, a duba jadawali.

Yanzu ku duba inda gizo ke saƙar. Zinariya tsantsa mai giram 10, ruwan da za ta ture giram 0.52 ne kacal. Idan sikelin ba ya ganin abin da ya gaza kashi ɗaya cikin goma na giram, to ko dai ya nuna 0.5 ko ya tsallaka 0.6. In ya nuna 0.5, lissafi zai ba da 20, abin da ya wuce tsantsa, wanda ba ya yiwuwa. In ya nuna 0.6, lissafi zai ba da 16.7, sai a ce wa mai kaya zinariyarsa ba ta kai karat 20 ba. Taki guda na sikeli ya cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na guminsa. Ƙari a kan haka, kumfar iska da ta maƙale a ramukan zinariyar da ba a narke da kyau ba tana ƙara mata girma, ruwa mai gishiri ko laka shi ma yana ƙara lambar, kuma duka biyun mai sayarwa suke kayarwa. Babu wanda ya yi ƙarya da bakinsa a wannan ciniki, amma an ci haƙƙi.

To, mene ne matsayin mai wannan sikeli? Malamanmu na fiƙihu sun bambanta zunubi da lamuni. Kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya halatta dukiyar wani, domin a babin dukiyar mutane ganganci da kuskure duk biya ake yi. Wanda ya gano sikelinsa ya daɗe yana ragewa, abin da ya shiga hannunsa ba nasa ba ne, sai ya mayar ga masu shi gwargwadon iko. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi nauyi. Rashin sani uzuri ne ga wanda ba shi da hanyar sani. Amma mutumin da ya mai da awo sana'arsa, yana juya miliyoyin sefa, ya san sikeli na iya karkacewa, ya san akwai dutsen gwaji, sannan shekara ta zagayo bai gwada ba, shin wannan bai sani ba ne, ko bai so ya sani ba? An ruwaito daga Sayyidina Umar (R.A.) cewa ya hana wanda bai fahimci hukunci ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Ƙa'ida ce kuma sananniya cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Cika ma'auni wajibi ne, ba ya kuwa cika sai da sanin halin ma'aunin.

Akwai wata alama da kowa zai iya gwada kansa da ita. Da a ce sikelin ƙari yake yi, yana nuna 10.20 a maimakon 10.00, kwana nawa mai saye zai yi bai lura ba? Ranar da ya kai kayan Agadas ko Yamai aka auna ya ga gibi, ranar zai nemi sabo. Kuskuren da ke cin mu muna gano shi da wuri, wanda ke ciyar da mu kuwa sai ya shekara muna kiransa albarkar kasuwa. Suratul Muɗaffifin da ma irin wannan hali ta siffanta, na mai cika wa kansa in zai karɓa, ya tauye in zai bayar. Mutanen Madyana kuma, da Annabi Shu'aibu (A.S.) ya yi musu wa'azi, a kan mudu da ma'auni aka kama su tare da shirkarsu.

Kada kuma ma'aikata su ɗauka maganar ta masu saye ce kaɗai. Wanda ya bar zaiba a cikin zinariya bai ƙone ta sosai ba don ta yi nauyi, da wanda ya narka ta da jan ƙarfe, da mai cika buhun dutse da baƙar ƙasa a ƙasa mai kyau a sama, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Hanyar fita ita ce wadda masana ke kira hanyar binciken kimiyya, kuma ba ta fi ƙarfin kowa ba. Hasan ɗan Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Misira kimanin shekara dubu da suka wuce, da ita ya yi aiki: ba ya karɓar magana a kan haske, ko ta magabata ce, sai ya gwada. A ce ma'aikata suna ƙorafin sikelin wane yana ragewa da rana tsaka. Wannan zato ne, zato kuwa ba ya zama hujja, kuma rantsuwar mai sikeli ba ta warware shi. Sai a samo dutsen awo guda, a auna shi da asuba, a auna da azahar, a auna bayan la'asar, kowane lokaci sau biyar, a rubuta a littafi. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda: in ana gwada zafi, kada a canja batir ko tebur, in ba haka ba ba za a san mai laifin ba. Sannan a ba wani mutum dabam, wanda ba shi da riba a ciki, ya maimaita. In sakamako ya saɓa wa abin da muke zato, zaton ake jefarwa, ko da namu ne. Mu da aka umarta da yin bincike kafin mu karɓi labari, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Abin da ya rage bayan an yi duk wannan, wato ɗan kuskuren nan mai yawo, Sunna ta nuna inda za a karkatar da shi. A hadisin Suwaidu ɗan Ƙais (R.A.), Manzon Allah (S.A.W.) ya sayi wando, ya umarci mai awon kuɗin da ya rinjayar wa mai kaya. Saboda haka in lamba tana rawa tsakanin biyu, mai biya ya ɗauki wadda ta fi amfanar ɗan'uwansa. Sai dai a kiyaye, wannan a cinikin zinariya da kuɗi ne. In zinariya ake musanyawa da zinariya, dole nauyi ya zo daidai, hannu da hannu, domin ƙari a nan riba ne.

Haƙƙin Allah ma a kan wannan sikeli yake hawa. Nisabin zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85 ke nan. A mazhabar Imamu Malik, abin da aka haƙo daga ma'adini ana fitar masa da ɗaya bisa arba'in da zarar an tace shi ya kai nisabi, ba a jiran shekara, curin da aka tsinta tsantsa ba tare da wahala mai yawa ba kuwa humusi ake fitarwa. Mai rami da sikelinsa ya nuna masa 84 alhali 86 ce, ya riƙe rabon miskinai yana zaton bai kai ba.

Muna kira ga limamai da shugabannin 'yan kasuwa na Cibarakaten, da na Arlit da Agadas inda kayan ke sauka, da su haɗa kuɗi su sayi duwatsun awo masu hatimi, na giram 1 da 10 da 100, waɗanda hukumar kula da ma'aunai ta tabbatar. A ajiye su a akwati wajen amintacce, kada a riƙa ɗaukarsu da yatsu domin gumi da maiƙo na ƙara musu nauyi. Kowace Juma'a bayan an sauko, masu saye su kawo sikelinsu a gwada a gaban jama'a, a rubuta rana da abin da kowanne ya nuna. Mai sayarwa kuma yana da damar ya ce a juyo masa fuskar sikeli ya ga sifiri kafin a ɗora, a canja ruwan kofi in ya gurɓace, a auna sau uku, kuma a gwada karat da sikelin da ke ganin kashi ɗaya cikin ɗari na giram.